Yakuwa a Tagar Ulaisha

Ku duka kun san Baffanku Haladu a Riyad ya rasu, kun kuma san yadda na ce ya rasu: ya yanke jiki ya faɗi, rai ya fita nan take, ko shurawa bai yi ba. Haka na gaya wa mahaifiyarku, haka na gaya wa mutanen gida, na yi ta maimaitawa har ni kaina wani lokaci nakan kusa yarda. Ƙarya ce. Usman da Amira, na san Larabci ya fi muku sauƙin karantawa, amma da Hausa zan rubuta wannan, domin da Hausa na yi ƙaryar, kuma domin Rabi ta karanta da idonta ba sai an fassara mata ba. Ita ce 'yarsa, ita ta fi kowa haƙƙin ta ji.

Yaya Haladu ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya ɗauki fartanya ya ce dole ɗayanmu ya yi boko, kuma tunda ni ne rago a gona, ni zan tafi. Mutum ne mai tsokana. Bai taɓa kirana Sa'idu ba, sai Injiniya, tun ina yawo ba wando. Wata damina iska ta kwantar mana da dawa gona guda. Na zo da safe na tarar da karan a shimfiɗe, na fashe da kuka, na shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe hannuna.

"Bar ta, Injiniya. In ka ɗaga ka karya. Ta san sama, ba sai ka nuna mata ba."

Bayan kwana uku muka dawo, kowane kara ya yi gwiwa a gaɓa ya ɗago kai. Ya durƙusa ya ɗora yatsana a kan gwiwar ya ce in taɓa in ji. Ta kwana ɗaya taushi gare ta, ta kwana uku ta fara tauri, wadda ta yi mako kuwa sai dai wuƙa. Ya ce manomi in ya shiga gonar wani, daga gwiwar dawa zai faɗa maka ranar da aka yi iska ko da bai kwana a garin ba.

Daga baya na yi shekaru a makarantar aikin gona ana koya mini abin nan da Turanci. A jikin tsiro akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu nauyi da ido ba ya gani, kamar tsakuwa a cikin gora: duk yadda ka juya goran, ƙasa za su koma. Da su tsiro yake gane ina ne ƙasa. In ya kwanta, gefen da ke ƙasa sai ya fi na sama saurin tsawo, karan ya lanƙwashe ya ɗago, saiwa kuma ta juya ta nufi ƙasa. Haske ma haka ne. Kan tsiron ne yake jin inda haske ke fitowa, sai ya tura wani sinadari gefen da ke inuwa, gefen ya ƙara tsawo, tsiron ya karkata ya bi hasken. Da wannan ilimi na ci abinci a Riyad shekara da shekaru, a wani mashtal, wato gandun renon tsirrai, da ke kula da lambunan gidaje a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Kuma ina da girman kai a kansa, ba zan ɓoye muku ba. Lebura zai rantse mini jiya ya juya tukwanen fure, in dubi yadda suka karkata in ce masa rabonsa da taɓa su kwana huɗu ne, ya sunkuyar da kai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Na sha kunyata bayin Allah a gaban abokan aikinsu da wannan ido, ina jin daɗin abina.

Ni na jawo Yaya Riyad. Gona ta gaji, shi ma ya gaji, na samo masa biza ta direban gida. Da ya iso, kafilinsa, mutumin da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, take hannunsa, ya ce ba direba yake nema ba, makiyayi yake nema. Aka kai shi sahara wajen raƙuma, shi kaɗai da tanti. Ya yi wata tara, ya gudo a bayan motar ciyawa. Kafilin ya kai ƙara aka rubuta masa hurub, ma'ana ɗan gudun aiki. Wanda aka rubuta wa hurub ba shi da asibiti, ba shi da layin waya da sunansa, kuma duk wanda aka kama ya ba shi mafaka, shi ma ya shiga ciki, shi da iyalinsa. Ranar da ya iso ƙofar gidanmu a Al-Badi'a, ƙafafunsa duk sun tsage, mahaifiyarku ta shimfiɗa masa katifa a falo ta ce ya zo gida. Kwana biyu ya yi. Ni na ce ba zai yiwu ba. Na samar masa ɗaki a Ulaisha, a wani tsohon gini, bene na farko a saman shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, tare da wani Bazazzagi da shi ma takardunsa suka mutu. Bai yi mini musu ba. Ya naɗe 'yan kayansa yana dariya.

"Gaskiyarka, Injiniya. Kana da yara a makaranta. Ni raƙuma ma sun haƙura da ni, balle ɗaki."

Ya shekara biyu a ɗakin nan yana 'yan aikace-aikacen lodi a kasuwar Baɗha. Sai aka shiga shekarar kame. Jawazat, masu binciken iƙama, suka fara tare tituna suna shiga gidaje. Aka kama Bazazzagin a bakin masallaci, sauran mutanen benen suka watse, mai shagon ƙasa ya ja ƙofarsa ya sa kwaɗo. Yaya ya rage shi kaɗai a ginin, ga hawan jini. Ya daina fita gaba ɗaya. Yana da wata 'yar waya da layin Bazazzagin, aka rufe layin bayan an fitar da mai shi, ni kuma ban nema masa wani ba. Dama tun kafin nan na hana shi kirana, don wani ya ce mini suna bin lambobi. Ban sani ba ko gaskiya ne, ban kuma bincika ba. Na ce masa zan riƙa hawowa duk Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da titi ke cike da mutane, in kawo abinci da ruwa da magani na mako guda. Makulli ɗaya yana hannunsa, ɗaya yana hannuna.

Mahaifiyarku ce ta ba shi irin yakuwa, cikin wanda aka aiko mata daga gida. Ta ce ko ba komai ya samu abin yi wa magana. Ya shuka a manyan gwangwanayen madara guda uku, ya jera su a dakalin tagarsa ɗaya tilo, wadda ke kallon titi. Wata Juma'a na tarar duk sun karkata sun jingina da gilashi, na hau shi da lacca yadda nake yi wa leburorina, na ce ai juya su ake yi kullum in ana so su tashi a miƙe. Ya bar ni na gama tsaf.

"Allah ya ƙara sani. Yau ga ƙwai yana koya wa kaza kwanci." Sannan ya ce, "To ga waya nan mun samu, wadda ba mai bin lambarta. Ba kullum kake bi ta titin nan za ka aiki ba? Ni zan riƙa juya su bayan sallar asuba. In ka ɗaga kai ka gan su tsaye, ina nan daram. In ka ga sun kwanta jikin gilashi, ka hawo."

"In sun kwanta ai lalacinka ne, Yaya."

"Ko shi ne, ka hawo ka yi mini faɗa."

Muka yi dariya. Wata biyu muna haka. Kowace safiya in tsayar da a-kori-kurar mashtal a gaban mai burodin tamis da ke tsallaken titi, in sayi burodi, in ɗaga kai. Gwangwani uku, yakuwa uku, kowace a miƙe. Wani lokaci in hango inuwarsa a bayansu. Ba ma ɗaga wa juna hannu, haka muka shirya.

A makon da abin ya faru, iƙamata tana hannun ofishin kamfani ana sabunta ta, tare da ta mahaifiyarku da taku. Sai ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar. Ranar Lahadi na gan su uku a tsaye. Ranar Litinin na ɗaga kai na ga biyu. Na ukun babu shi, biyun kuma sun ɗan sunkuyo, kaɗan ne, wani ba zai lura ba. A kusurwar titin akwai motar shurɗa, wato 'yan sanda, a tsaye, mutum biyu a ciki suna shan shayi. Na tsaya da burodi a hannu yana ƙona ni. Na ce wa kaina ya sauke ɗaya ne zai yi miya. Na ce ya makara ne. Na shiga mota na tafi, har na yi wa wani lebura tsawa a ranar kan ya bar tiyo a rana. Da yamma muna cin abinci maganar ta suɓuce mini. Mahaifiyarku ta ajiye cokali.

"Ka hau kuwa?"

"Akwai shurɗa a titin. Miya ya yi da ita, kin san Yaya."

"Abban Usman, mutumin nan da kansa ya ce in sun kwanta ka hawo."

"Ba su kwanta ba. Sunkuyawa suka yi."

Ta dube ni. Ba ta saba yi mini gardama a kan tsirrai ba, wa ya isa. Washegari kafin in fita ta miƙo mini kula, tuwon shinkafa da miyar kuka, tun asuba ta tashi ta tuƙa.

"Ka kai masa da zafinsa. Ka ce ina gaishe shi, ya jiki."

Ranar Talata babu zancen sunkuyawa. Sun karkata sosai, kawunansu sun taɓa gilashi. Babu motar 'yan sanda, amma an ce jiya sun kwashe mutane a layi na biyu, kuma akwai wani mutum da farar riga a bakin shagon da ke kusa, yana danna waya, wanda raina ya ba ni ɗan leƙen asiri ne. Mai yiwuwa jiran tasi yake yi. Na ƙidaya matakan da ke tsakanina da ƙofar ginin, ba su kai talatin ba. Na tuna Usman yana shekarar ƙarshe a sakandare, na tuna Amira da ba ta san ko'ina ba sai Riyad, na ga mahaifiyarku a bayan motar jawazat. Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi na lulluɓe abin da idona yake gaya mini. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni na shafa wa nawa, na bar nasa yana ci. Na kai kular mashtal na ba leburori suka cinye suna sa mini albarka. Da na dawo gida ta buɗe ta ga wayam.

"Ya ci?"

"Ya cinye tas. Ya ce a gaishe ki, kukar ta yi daɗi."

"Alhamdulillahi. Hankalina ya kwanta."

Ranar Laraba ta sake ba ni, dambu ne. Ranar ban ma tsaya ba. Na rage gudu na ɗaga kai, ganyen sun manne da gilashi, gefensu ya fara yaushi don ba a ba su ruwa ba. Da lebura ne ya ce mini an taɓa gwangwanayen nan cikin kwana uku, da na kore shi. Na ce jibi Juma'a, saura kwana biyu, yana da ruwa yana da magani. Na taka mota.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin mashtal saƙo ya shigo wayata cewa an sabunta iƙamarmu, mu huɗu. Ban ƙarasa karantawa ba na ɗauki makulli. Tsakanin saƙon da tsayuwata a ƙofar ɗakinsa bai fi minti arba'in ba. Na daɗe ina gaya wa kaina wai ban gane abin da tagar take faɗa ba. Wanda bai gane ba ba ya gudu haka. Na sani tun ranar Litinin, jira nake a sa mini hannu a takarda.

Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na buɗe. Na'urar sanyi tana ta aiki, ɗakin kamar firji. Yana kwance a ƙasa gindin taga, a kan ɓarinsa na dama, fuskarsa ta karkace, idonsa a buɗe yana kallon ƙofa. Sallayarsa tana shimfiɗe bai naɗe ba. Jarkar ruwan da na kawo masa ranar Juma'a tana can jikin ɗaya bangon, taku huɗu daga inda yake. Na durƙusa na taɓa shi, ya yi sanyi. Na rufe masa ido, na yi salati, na kira shi sau biyu kamar wawa. Sannan na ga gwangwani na uku a kwance kusa da hannunsa na hagu, rabin ƙasar ta zube. Yana cikin juya su ne abin ya buge shi, ya faɗo da wanda ke hannunsa.

Da ma ban duba ba. Amma ido ya riga ya saba. Yakuwar tana kwance tare da gwangwanin, sai dai daga tsakiyar karan ta yi gwiwa ta ɗago kai sama. Na kai yatsa na taɓa gwiwar, ta yi tauri. A samanta har ƙananan ganye biyu sun buɗe sababbi, a shimfiɗe suna kallon rufi. Daga gwiwar zuwa gindi kuwa karan tsirara yake, babu ganye ko ɗaya, na duba ƙasa ban ga inda suka zuba ba, ban kuma tsaya tunanin wannan ba a lokacin. Lissafin da na yi shi ne wanda ya koya mini a gonar dawa: gwangwanin nan ya kwana uku a ƙasa. Ya faɗi ranar Litinin da asuba, sa'a biyu kafin in tsaya a tsallake da burodi a hannu. Kuma a ɗakin babu wari ko kaɗan, jikinsa bai canja ba.

Kun san abin da na fara yi kafin in kira kowa? Na ɗaga gwangwanin na tsayar da shi, na tattara ƙasar da hannuna na mayar, na tura shi bayan labule. Na juya biyun da ke taga. Ɗan'uwana yana kwance a ƙasa, ni ina gyara wurin kamar ɓarawon da ke share sawunsa. Babu wanda zai iya karanta gwangwanin nan a duk unguwar sai ni, amma na ɓoye shi. Sai da na gama na kira motar asibiti.

Suka zo da 'yan sanda da likita. Na tsaya jikin bango da sabuwar iƙamata a hannu, ina jiran abin da na shekara biyu ina tsoro. Babban cikinsu ya karɓa ya duba, ya tambaye ni mene ne tsakanina da mamacin. Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya miƙo mini katin, ya dafa kafaɗata.

"Allah yarhamu. Allah ya ba ku haƙuri, ya muhandis," wato injiniya da Larabci.

Shi ke nan. Bai tambaye ni wa ya kama ɗakin ba, bai tambaye ni wa yake kawo abinci ba. Ba na cewa da na hau ranar Litinin haka za ta kasance, Allah kaɗai ya sani. Amma abin da na sayar da Yaya don in kauce masa, da ya zo, dafa kafaɗa ne. Likitan ya daɗe a durƙushe yana dubawa. Da ya miƙe na tambaye shi yaushe. Ya ce jini ne ya hau masa kai ya shanye masa ɓari guda, rasuwar kuma ba ta daɗe ba, bai fi yini ɗaya ba, ko jiya da yamma ko bayan nan. Ya tambaye ni yaushe rabona da shi. Na ce jiya da safe na kawo masa abinci, lafiyarsa ƙalau. Ya rubuta. Ni kuwa ina tsaye ina haɗa lissafinsa da nawa. Litinin da asuba zuwa Laraba da yamma. Duk tsayuwar da na yi a gaban mai tamis, yana nan a ƙasa da ransa, taku talatin da bene ɗaya tsakaninmu. Ƙarar a-kori-kurar nan ya san ta, yakan ce tun daga kwana yake gane ta don salansarta ta fashe.

Da na koma gida mahaifiyarku ta yi kuka mai yawa. Da ta natsu ta kama hannuna tana ba ni haƙuri.

"Ka gode wa Allah, Abban Usman. Ka yi masa iya yinka. Ko ba komai jiya-jiya ya ci dambuna, bai tafi da yunwa ba."

Ta rayu shekara tara bayan nan, kuma duk lokacin da aka ambaci Yaya sai ta kawo zancen dambun nan. Ya zame mata abin sanyaya zuciya. Sau uku ina niyyar gaya mata, na ƙarshe a asibiti, kowane karo sai in ce tausayinta ne ya hana ni. Ba tausayinta ba ne. Ba na so ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar Litinin ɗin nan a kan abinci. Ta tafi tana ganina mutumin kirki, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Sai da aka yi kwana shida ana zirga-zirgar takardu kafin a ba mu gawar. A wurin wankan gawa na wani masallaci, mai wankan dattijo ne, ya ce tunda ɗan'uwana ne in sa hannu, lada ne. Muka yi masa tsarki. Da aka zo alwala ya naɗa mini ƙyalle mai laima a yatsa ya ce in share masa haƙora a hankali. Na sa yatsa ta gefen kumatunsa na hagu, na ji wani abu a dunƙule. Na zaro. Ganye ne, a tattaune, ya yi baƙi-baƙi, da ɗan jan kara a jiki. Akwai wani a tsakanin haƙoransa. Dattijon ya leƙo ya ce mene ne, na ce ban sani ba. Na sani. Ganyen yakuwa ne, waɗanda na nema a ƙasa ban gani ba. Ruwa ya fi ƙarfinsa, hannu ɗaya ne yake motsi, sai ya riƙa tsinkar abin da hannun ya kai yana taunawa don ya jiƙa maƙogwaro. Ya cinye na ƙasa duka. Na saman, da tsiron ya ɗago da su, sun fi ƙarfin hannunsa. Muka ƙarasa wankan, muka sa shi a likkafani. Mu bakwai muka bi shi maƙabarta.

Da yammacin ranar na kira gida. Aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu, kowa ya yi mini gaisuwa, kowa ya ce Allah ya saka mini da alheri da na riƙe zumunci a ƙasar mutane. Can aka ba Rabi. Shekararta goma sha shida a lokacin, rabonta da ubanta kusan shekara uku. Ba ta yi kuka ba. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baffa, abu ɗaya zan tambaye ka. Ya sha wahala?"

"A'a, 'yata. Ko kaɗan. Kamar barci."

"Kana wurin?"

"Jiya-jiyansa muna tare."

"To alhamdulillahi. Dama abin da nake tsoro ke nan, kar a ce shi kaɗai ne."

Na yi mata aure, na yi mata kayan ɗaki, ta sa wa ɗanta na fari sunana. Mutane suna cewa na zame mata uba. Usman ka gama karatunka, Amira kin zama abin da kika zama, kuma ba na so ɗayanku ya ɗauki wannan a kansa, ba ku aka tambaya ba, ni na yanke. Ba kuma na rubuta don a ce mini ƙaddara ce. Na san kwanansa ne ya ƙare, na yi imani da wannan. Amma ajali daban, ƙishirwa daban, kuma ta biyun a hannuna take.

Rabi, yanzu shekarata ta wuce wadda ubanki ya rasu yana da ita, likita kuma ya fara yi mini irin maganar da ake yi wa mai shirin tafiya. Ba na neman ki yafe mini a takarda. In kin ga dama ki kira, in ba ki ga dama ba ba zan ce kin yi laifi ba, sunan yaron ma in kina so ki canja. Tambaya biyu kika yi mini kina yarinya, ga amsarsu. Ya sha wahala, kwana uku. Shi kaɗai ne, kuma ina ƙasa a bakin titi.